Albasar Gobir Na Bukatar Suna da Shekara

A yankin Bargandi na ƙasar Faransa, masu ƙananan gonakin inabi sukan fitar da kayansu kasuwa da sunan wuri da shekarar girbi a jiki. Jar giyar da suke matsewa haram ce gare mu, wannan ba ya bukatar muhawara. Tsarin cinikin ne ya kamata manomin fadama na Sabon Birni da Isa ya duba. Gonakin yankin an rarrabe su gida 1,247, kowace da sunanta da iyakarta, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015, kuma tun 1935 doka ke kare sunan wuri a Faransa. Mai saye ya san 2003 shekarar tsananin zafi ce, inabi ya nuna da wuri, zaƙi ya ƙaru, tsami ya ragu. Ya san sanyin Afrilun 2021 ya ƙone toho, amfani ya yi ƙaranci. Da wannan sani ake yanka farashi, shi ya sa ƙaramin manomi mai kula yake cin gajiyar kulawarsa.

Manominmu ba sai an koya masa cewa shekara tana da hannu a ingancin kaya ba. Shekarar da hunturu ya zauna, sanyi ya ja daga Disamba har Fabrairu, albasa takan yi tauri, ɓawonta ya bushe da kyau, ta kwana watanni a rumbu. Idan zafi ya riga lokaci, sai kai ya tsaya ƙarami. Idan ruwa ya daɗe kwance a fadama, kamar yadda ambaliyar 2010 ta yi a kwarin Rima, dashe ya makara, girbi ya faɗa cikin bazara. Ƙasar bakin Gulbin Maraɗi daban, ta bakin Bunsuru daban, kuma albasar damina ba ta ajiyuwa kamar ta rani. Amma da zarar an loda buhu a mota, duk wannan ilimi ya tsaya a tasha. A Legas da Onica sunanta ɗaya, albasar Sakkwato. Wanda ya rage takin zamani, ya janye ban ruwa kafin cira, ya shanya a inuwa, kuɗinsa ɗaya da wanda ya ɗura yuriya don kai ya kumbura ya ruɓe a hanya. Kasuwar da ba ta bambance su tana hukunta mai gaskiya ne.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Galmi ta jihar Tawa, ƙetaren iyaka kaɗan, manoma sun tsaya kan sunan albasarsu lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi yi masa rajista, kuma daga baya hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde ta amince da sunan a matsayin na wurin. Najeriya ba ta cikin wannan hukuma, to amma rubuta sunan gari da wata da shekara a jikin buhu ba ya jiran wata yarjejeniya. Ƙungiyar manoma da sarkin kasuwa sun isa su fara, su kuma hukunta mai algus.

Za a ce albasa ba a ajiye ta shekara goma, don haka shekara ba ta da amfani a jikinta. Gaskiya ne ba ta tsufa, amma ɗan kasuwar da zai ajiye buhu ɗari daga Maris zuwa Agusta rayuwarsa ta rataya a kan sanin irin sanyin da ta sha da watan da aka cire ta. Mai sayen iri ma haka. Bayan 'yan shekaru, dillali zai san garin da kayansa ke jure shekarar zafi, ya biya daidai da hakan.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na tsaro: wa ke zancen suna a buhu alhali 'yan bindiga sun hana zuwa gona, suna aza wa ƙauyuka haraji? Ba na raina wannan magana, jinin da aka zubar a Gobir ya wuce a raina shi. Sai dai rashin tsaron ne ya tsuke gonaki zuwa bakin gari, mai noma kadada uku ya koma rabin ɗaya. Wanda filinsa ya ragu haka ba zai iya ƙara yawan buhu ba, hanyar da ta rage masa ita ce kowane buhu ya kawo kuɗin da ya cancanta.