Takardar sallamar soja: a nemi kwafi tun tsoho na da rai

A 2025 tsoffin sojoji sun sha tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kan haƙƙoƙinsu. Amma a ganina akwai matsalar da ba a ɗaga wa kwali: ɓatan takardar sallama.

Nan Keffi, inda bataliya ta 177 take, 'yan fansho na da yawa, 'ya'yan wasunsu kuwa suna can Agege ko Fatakwal wajen nema. Ranar da tsoho ya cika, Hukumar Fanshon Soja da ke Dutse-Alhaji a Abuja takarda za ta tambaya, ba labarin yaƙin Biyafara ko Laberiya ba.

To in ta ɓace ko gara ta cinye fa? A kai rahoto wurin 'yan sanda, a yi rantsuwa a kotu, sannan a rubuta wa ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa da ke Lokoja a nemi kwafi mai hatimi. A sa lambar soja da shekarar shiga da ta fita. Duk wannan ya fi sauƙi in mai lambar na raye, don shi ya san bataliyarsa.

Ku duba kuma ko sunan ya zo ɗaya da na NIN da BVN, da wanda aka rubuta a matsayin magaji. Harafi ɗaya kan tsayar da kuɗin marayu.

Mu 'ya'yan fataken shanu mun sani, ba a loda tirela zuwa Kudu ba takarda. 'Yan uwa, in kun zo gida Sallah, ku zauna da Baba a buɗe akwatin nan.