Majalisa Ta Gyara Dokar Haraji, Saura Ta Bi Sawun Kuɗin

A wannan wata muna jan hankalin 'yan uwa zuwa ga wani al'amari da da yawanmu ke ɗauka na 'yan boko ne da 'yan siyasa, alhali kuwa shi ne ke shiga aljihun ɗan kasuwa da albashin malamin makaranta. Muna nufin dokokin haraji, da yadda Majalisar Tarayya take sa ido a kan abin da ake karɓa da kuma inda yake tafiya.

A watan Oktoba na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisa ƙudurori huɗu na gyaran haraji, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna suka ce ba su amince da sabon tsarin rabon harajin VAT ba, Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta ba da shawarar a janye ƙudurorin a sake tuntuɓar jama'a, Shugaban ya ce a bar Majalisa ta yi aikinta. A cikin ƙudurorin an nemi a ɗaga VAT daga kashi 7.5 cikin ɗari zuwa 10, sannu a hankali har ya kai 15 a 2030. An nemi a yaye asusun TETFund, wanda da shi ake gina azuzuwa da ɗakunan gwaji a jami'o'i da kwalejoji, daga kason da yake samu. Sannan akwai sashen da ya shafi dukiyar iyali, wanda malamai suka ga yana iya buɗe ƙofar ɗora haraji a kan gado, abin da Allah da kanSa Ya raba a cikin Suratun Nisa'i, bai kuma yanka wa hukuma kaso ba matuƙar akwai magada.

Bayan zaman jin ra'ayin jama'a a watan Fabrairu na 2025, Majalisa ta bar VAT a kashi 7.5, ta bar wa TETFund kasonsa, ta gyara sashen dukiyar iyali, kuma Shugaban ya sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025. Wannan abin yabawa ne, kuma adalci ya wajabta mu faɗa. Amma kada ɗan uwa ya zaci 'yan majalisa sun kwana ne sun tashi da tausayin talaka. Abin da ya faru shi ne an yi magana a kan mumbari, ƙungiyoyi sun rubuta takardu sun kai Abuja, wakilai kuma sun san za su dawo gida a tambaye su.

To sai ga shi a watan Disamba na 2025, saura kwanaki kaɗan wasu daga cikin dokokin su fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ɗan majalisa Abdussamad Dasuki daga Jihar Sakkwato ya miƙe a zauren Majalisar Wakilai ya ce abin da aka buga a gazet ɗin gwamnati ya saɓa da abin da suka zartar. Shugabannin Majalisa suka ba da umarnin a sake bugawa. Subhanallah! Idan rubutun doka, wanda ɗaruruwan wakilai suka karanta sashe-sashe, zai iya jawo irin wannan shakku tsakanin zaure da maɗaba'a, ina ga tsabar kuɗi da za su bi ta hannun ma'aikatu da 'yan kwangila, inda babu mai karantawa?

A nan ne muke ganin aikin Majalisa bai ma fara ba. Hujjar da ake kafawa kullum wajen karɓar haraji ita ce za a samar wa matasa aikin yi, a koya musu sana'a. Hukumomin da aka kafa domin haka ba su da ƙaranci. Asusun horar da ma'aikata na ITF yana nan tun 1971, yana karɓar kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi daga kamfanonin da doka ta ɗora wa. Hukumar samar da aikin yi ta NDE tana nan tun zamanin Janar Babangida. Shirin N-Power an fara shi a 2016, aka dakatar da shi a 2023 da sunan bincike. Sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 sun ba Majalisa ikon kiran kowane shugaban hukuma da takardunsa. Abin da muke son ji daga kwamitocinta shi ne: cikin waɗanda aka ce an horar, nawa ne suke cin abinci da sana'ar bayan shekara biyu, kuma a wace ƙaramar hukuma suke? Hoton rabon kekunan ɗinki a filin wasa ba amsa ba ne.

Har alƙaluman rashin aikin yi suna bukatar a tuhume su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni, ta riƙa lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. An ce ma'aunin duniya ne. Mun ji. Amma saurayin da ya gama difloma yake tura baro rana ɗaya ya zauna kwana shida, takarda ta ce yana da aiki, mahaifinsa kuwa ya san har yanzu shi ke ciyar da shi. Wakilin da ya yarda a tsara kasafi a kan wannan adadi ba tare da ya nemi alƙaluman masu ƙarancin aiki da abin da suke samu ba, ya ci amanar waɗanda suka tura shi.

Bin diddigin masu riƙe da dukiyar jama'a ba daga Turawa muka koya ba. Sayyidina Umar (RA) yakan ƙididdige dukiyar gwamnoninsa, idan ya ga ta haura abin da ya dace ya mayar da rabi Baitulmali. Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid Kitabul Kharaj yana gargaɗinsa a kan zaluncin masu karɓar haraji. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Ko a kusa-kusa, dattawanmu suna tuna yadda aka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979. Mun sani wannan tsarin mulki ba shi ne abin da muke fata ga al'ummar Musulmi ba, amma a ƙarƙashinsa ake cire kuɗinmu, kuma barin haƙƙi ga mai ci ba tsantseni ba ne.

Saboda haka muna kira ga rassanmu a kowace mazaɓa su zaɓi 'yan uwa biyu ko uku masu ilimin lissafin kuɗi da doka, su nemi kasafin shekara, su fitar da abin da aka rubuta da sunan horar da matasa da tallafin sana'a a yankinsu, su je su duba da idonsu ko an yi. Abin da suka gani su rubuta shi da ladabi da hujja, su kai ofishin wakilinsu da na sanatansu, su aiko mana da kwafi domin mu buga a fitowa ta gaba in Allah Ya so.