Gargaɗi da wa'adin kwana 21 ga wakilinmu a Majalisar Tarayya



Mu manoma da masunta na fadamun Haɗejia zuwa Nguru mun ji labarin tambayoyin da ka yi a zaman kwamiti kan inshorar noma, da harkar kamun kifi, da yadda ake fifita wani yanki a kan wani. Madalla. Sai dai amsa ba ta iso mana ba, damina kuma ba ta jiran kowa. Mun ba ka kwana 21 daga ranar da takardar nan ta shiga ofishinka, ka kawo mana amsoshin a rubuce, da Hausa, ka karanta su da bakinka a gabanmu.

A fara da inshora. Tun 1987 aka ƙaddamar da shirin, dokar 1993 kuma ta ƙarfafa hukumar NAIC mai gudanar da shi. A tsarin, manomi rabin kuɗin yake biya, Gwamnatin Tarayya da ta jiha su cike sauran rabin. To manoma nawa ne a mazaɓarka ke da rajista? Jiharmu tana zuba kasonta kuwa? Bayan ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasa, ta kuma shanye shinkafar da ta fara fitar da kai a Auyo da Guri da Kirikasamma, mutum nawa aka biya, nawa-nawa? Yawancinmu a jikin takardar bashi kaɗai muka taɓa cin karo da inshora, musamman tun da aka buɗe shirin Anchor Borrowers a Kebbi a 2015. An cire kuɗin tun daga sama, mutum ya dangwala yatsa, ba a ba shi ko kwafi ba. Ranar da ruwa ya ci gonar, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, mai karɓar bashi kuwa ya san ƙofar gidansa sarai. In inshorar banki take karewa, a faɗa mana kai tsaye.

Sai ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, daga nan kogin ya sauya hali. Da can ruwa kan taso da damina, ya bazu a fadama, kifi ya hayayyafa, da rani ya janye mu shuka a danshin da ya bari. Yanzu yana kwance a wasu hanyoyin shekara sukutum, kacala ta samu wurin zama. Wanda bai shiga kwalekwale a hanyar Marma ba, ba zai gane ba. Ciyawar ta fi mutum tsawo, ta toshe mashigar ruwa, kalli ba ya shimfiɗuwa, birgi ba ya buɗewa. Gonar wani ta nutse, ta maƙwabcinsa na ƙasa ta bushe ƙayau, cikin mako ɗaya. Tsuntsun jan baki kuma ya mai da kacalar makwanci, da sassafe ya sauko wa gero da shinkafa. Da gayya muke yanke ta, da lauje, ruwa har ƙirji. Tafkin Nguru da hanyar Marma suna cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya tun 2000, amma wannan suna bai taɓa cire saiwa ɗaya ba. Muna son sanin abin da aka ware a kasafin bana don yashe hanyoyin nan, da wanda aka ba kwangilar.

Na uku ya fi ci mana rai. An kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, daga baya aka ɗauke sashen kifi daga ma'aikatar noma aka mayar can. Mu ba mu da teku. Tarwaɗa da karfasa da bargi da ake bandawa ana lodawa zuwa kasuwannin kudu, daga Haɗejia da Baga da Yawuri suke fitowa. Wane kaso na kuɗin sashen ke zuwa ga masuntan kogi da tafki? Kuma wane tanadi aka yi wa mai koma, in ruwa ya tafi da kwalekwalensa?

In wa'adin ya cika ba mu gan ka ba, mambobin ƙungiyarmu za su daina kai kifi da hatsi kasuwannin mazaɓar har tsawon mako guda, sannan mu yi tattaki cikin lumana zuwa ofishinka, bayan mun sanar da 'yan sanda da masu sarauta. In wannan ma bai isa ba, sashe na 69 na tsarin mulkin 1999 ya ba mu damar yi maka kiranye: fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar su sa hannu, a kai wa INEC, ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Mun san aiki ne ja, shi ya sa muka umarci shugabannin rassa da su fara tattara sunaye da lambobin katin zaɓe tun yanzu.

Kada a aiko mana da buhunan taki ko kuɗin mota a madadin amsa. Duk wanda ya karɓa, don kansa ya karɓa. Wurin taro da ranarsa, kai za ka zaɓa, muddin cikin wa'adin ne, kuma ba ranar kasuwa ba.

Shugaba da Sakatare,
a madadin manoma da masunta na yankin