Tsohuwar Cuta da Sabuwar Inshora



A 'yan shekarun nan mun ga magidanta a Lamashegu, musamman ma'aikata da 'yan kasuwa, suna shiga inshorar lafiya ta kamfanoni masu zaman kansu domin gudun dogon layi a asibiti. Babu laifi a cikin haka. Sai dai akwai sharaɗin da yawancinmu ba ma karantawa sai ranar da ciwo ya kwantar da mu, wato sharaɗin cutar da mutum ya shigo da ita.

Wanda likita ya riga ya tabbatar masa da hawan jini, ciwon suga, asma, sikila ko ciwon ƙoda kafin ya sa hannu, kamfani na iya yi masa ɗayan uku: ya ƙara masa kuɗin shekara, ko ya sa masa wa'adin jira kafin ya fara biyan maganin cutar, ko ya cire ta daga yarjejeniyar ɗungurungum. Dalilinsu shi ne suna ɗaukar nauyin abin da ka iya faruwa ne, wannan kuwa ya riga ya faru.

Wasu kan ɓoye cutar wajen cike takarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka kwantar da mutum a Asibitin Koyarwa na Tamale, fayil ɗinsa zai nuna tun yaushe yake shan magani, kamfani kuma na iya ƙin biya, har ya soke yarjejeniyar. Ga asarar dukiya, ga cin amana.

Inshorar gwamnati kuwa, wato NHIS, wadda aka kafa da dokar 2003 aka sabunta da ta 2012, ba ta korar kowa saboda tsohuwar cuta, kuma hawan jini da suga suna cikin abin da take ɗauka. Don haka wanda ya sami katin kamfani kada ya bar na gwamnati ya mutu; ana sabunta shi ta waya da lambar *929#. Kada a saki reshe a kama ganye.

Kafin sa hannu, maigida ya faɗi ciwon kowa a gidansa, sa'annan ya nemi amsa a rubuce: wace cuta aka cire, wata nawa ne jira, nawa ne iyakar abin da za a biya a shekara? Ya kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.