In an gama, a kashe lasifika

A Turai, masu irin lasifikar da kamfanin Quad na Ingila ya fitar a 1957 sukan bar ta jone da wuta dare da rana. Hujjarsu ita ce, siririyar ledar da ke fitar da sautin sai ta ɗauki cajin dubban volt kafin muryarta ta fito sosai, kuma wutar da take ci kaɗan ce.

Ni dai a nan Sabon Layin Mubi ba zan ba kowa wannan shawara ba. Cajin nan yana jawo ƙura, ga shi hunturun Mubi ba ya rabo da ita. Da damina kuma danshi kan sa wutar ta riƙa tartsatsi a ciki. Uwa uba, wutarmu ba ta tsayawa a volt 230 da aka tsara: a ɗauke ta, ta dawo da ƙarfi, ko tsawa ta biyo waya.

Haka nake gaya wa ladanai da masu gidajen kallon ƙwallo game da amfilifayarsu. In an gama, a rage murya, a kashe, a zare waya daga soket, a lulluɓe da zane. Jiran 'yan mintoci gobe ya fi biyan kuɗin gyara sauƙi.