Bel da Sarƙa: Duba Su Kafin Ka Biya Kuɗin Inji

Malam manomi, idan ka je sayen injin niƙa, ko na ɓarzar masara, ko na tsaga citta a Kafanchan, me kake fara dubawa? Yawancinmu ƙarfin inji muke tambaya, sai fenti, sai farashi. Ba kasafai ake waiwayar bel ko sarƙar da ke ɗaukar ƙarfin daga inji zuwa na'ura ba. A ganinmu wannan kuskure ne, domin a nan ne asarar mai da yawan gyara, har da raunin jiki, suka fi samo asali.

Tun bayan cutar da ta halaka gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a a daminar 2023, jarin manoma da yawa ya karye. Wanda ya farfaɗo har ya sayi inji bai kamata ya bar abin da bai taka kara ya karya ba ya mayar da shi baya.

Da farko, kowanne da aikinsa. Bel ya dace da na'ura mai gudu, kamar injin niƙa da na sussukar hatsi. Ba ya bukatar mai, ba shi da ƙara, kuma idan dutse ko ƙarfe ya faɗa cikin na'ura, bel zai zame ko ya tsinke, inji ya tsira. Sarƙa kuwa ba ta zamewa. Ta dace da aiki mai nauyi a hankali, kamar na'urar shuka da ƙaramar tarakta ta hannu, inda ake son juyi ya tafi daidai.

Wasu kan ce bel ya cika lalacewa, gara a sa mai walda ya mayar da shi sarƙa a huta. Gaskiya ne sarƙar da ake kula da ita takan daɗe. Amma a na'ura mai gudu, ranar da abu ya maƙale, sarƙa ba za ta saki ba, sai dai sandar juyawa ta lanƙwashe ko boris ya fashe. Ka ga garin neman gira an rasa ido. Bugu da ƙari, aikin citta yakan faɗo ne lokacin hunturu. Ƙura idan ta haɗu da man sarƙa sai ta riƙa cin haƙora kamar dutsen wasa wuƙa.

Na biyu, kada ka canza fuli, wato gargaren da bel ke hawa, don kawai aiki ya yi sauri. Lissafin ba wuya. Idan injin lantarki yana juyi 1,440 a minti ɗaya, fulinsa inci 4, na na'ura kuma inci 12, to na'urar za ta yi juyi 480. Da ka mayar da na injin inci 6, juyin ya koma 720, wato ya ƙaru da rabi. Na'urar da ba a ƙera ta don wannan gudu ba za ta yi zafi, ta farfasa hatsi, ta kuma gajiyar da inji.

Na uku, kulawa. Ka kashe inji, ka danna tsakiyar bel da babban yatsa. Idan tsakanin fuli biyu mita ɗaya ne, ya lotsa kimanin santimita ɗaya da rabi. In ya yi sako-sako zai riƙa zamewa yana ƙonewa, mai na tafiya a banza. In ya ɗame da yawa zai kashe boris. Sabon bel yakan miƙe, saboda haka a sake ɗaure shi bayan aikin kwana ɗaya ko biyu. Ka ɗora miƙaƙƙen katako ko zare a gefen fulin biyu don tabbatar da suna kan layi ɗaya. Ka riƙe lambar da ke jikin tsohon bel, domin samfurin A faɗinsa milimita 13 ne, na B kuma 17, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Inda bel biyu ke aiki tare, a canza su tare. Kada mai ko giris ya taɓa bel. Ita kuwa sarƙa a wanke ta da kananzir, a sa mata mai mai tsabta, kuma kada a ɗora sabuwa a kan haƙoran da suka cinye.

Na ƙarshe shi ne mafi girma: murfi. Mata da yara ne suka fi zuwa wurin niƙa. Bakin zane ko gyale ko hannun riga idan bel ya kama, kafin a kai hannu a kashe inji aikin gama ya gama. Murfin ragar ƙarfe bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

Don haka shawararmu ita ce, kada ka biya kuɗin injin da ba shi da murfin bel ko na sarƙa. Ƙungiyoyin manoma na Zonkwa da Kwoi da Kagoro su sa wannan sharaɗi duk lokacin da za su yi odar na'ura. Ranar da masu saye suka dage, maƙera za su bi. In kana da shakka kan girman fuli, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai kafin ka kunna inji.