Ƙurajen Da Ba Su Kai A Kori Yaro Daga Aji Ba

A zangon da ya wuce wata ɗalibata 'yar aji uku ta yi mako biyar ba ta zo makaranta ba. Da na bi sawu, sai na tarar wasu ƙananan ƙuraje ne suka fito mata a wuya da hammata, aka ce ta zauna gida sai sun warke. A gida kuwa aka tsattsage su da reza, aka shafa toka. Ta dawo da tabo, karatu ya wuce ta, ƙurajen kuma sun ƙaru.

Likitoci na kiran wannan ciwo molaskam. Ƙurajensa ba su cika wuce ƙwayar dawa ba, suna da sheƙi da ɗan rami a tsakiya kamar cibiya, kuma yawanci ba sa zafi, sai ɗan ƙaiƙayi. Ƙwayar bairas ce ke kawo shi, tana bin haɗuwar fata da fata, ko soso da tawul. Tana nan cikin farin abin da ke cikin ƙurjin, shi ya sa matsewa da tsagawa ke shuka ta a sauran jiki.

Magani na farko, wanda ya fi yi wa iyaye wuyar karɓa, shi ne jira. A jikin yaro mai lafiya ƙurajen kan ɓace da kansu cikin wata 6 zuwa 18, wani lokaci fiye da haka, kuma galibi ba sa barin tabo idan ba a taɓa su ba. Idan sun yi yawa ko suna damun yaro, likitan fata na iya ƙanƙarar da su da ruwan naitirojin, ko ya kankare su da kayan aiki masu tsabta, ko ya ɗiga musu magani irin su kantaridin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'insa a 2023. Kowanne yana da zafinsa, kuma aikin asibiti ne. Kafso ɗin da muke rugawa kemis mu saya kuwa bakteriya yake kashewa, bai san bairas ba. Asarar kuɗi ce kawai, sai fa idan ƙurjin ya ruɓe ma'aikacin lafiya ya rubuta.

Ra'ayina, 'yan'uwa malamai, shi ne mu daina mayar da irin waɗannan yara gida. Wa zai ajiye yaro shekara guda saboda ƙurjin da riga ke iya rufewa? A rufe wurin, a yanke masa farce, a ware masa sosonsa da tawul ɗinsa, ya zauna a bencinsa.

Na san tsoron da ke sa malami ya yi saurin kora, musamman mai ɗalibai fiye da ɗari a aji, kuma ban raina shi ba. Idan ƙuraje suka zo da zazzaɓi ko suka ɗuri ruwa, yana iya zama ƙarambau ko ƙyandar biri, waɗannan kam sai a keɓe yaro a kai shi asibiti. Haka nan idan sun fito kusa da ido, ko sun yi girma sun cika fuska, domin hakan kan nuna raunin garkuwar jiki. Tantancewa aikin ma'aikacin lafiya ne, namu mu tura iyaye wurinsa tun ranar farko. Ina roƙon reshenmu ya gayyato ɗaya daga cikinsu zuwa taron iyaye da malamai na gaba, ya nuna mana bambancin da hotuna.